Injin yanke ciyawa ya tashi ya mutu, ina mafita?

Salamu alaikum 'yan'uwa masu sanin inji. Akwai tsohuwar motar yanke ciyawa, irin wadda ake hawa, mai injin Briggs & Stratton, ta shekara da shekaru a ajiye a lambun kawuna nan Sakkwato. Na zubar da tsohon fetur, ya yi ja yana warin fenti. Na canja baƙin mai, fulogi da batir, na kakkaɓe ƙurar hunturu daga matatar iska.

In na ɗiga fetur a bakin kafireto sai ya tashi, ya yi gurnani kaɗan, ya mutu. Wuta kam akwai. Mai gyaran janareto ya ce jet, wato ƙaramar kafar da fetur ke bi a cikin kafireto, ne ya toshe, amma na wanke shi. Ko solenoid ɗin da ke ƙarƙashin kafireto ne, wato abin lantarkin da ke buɗe wa fetur hanya? Ba na jin ƙarar "ƙas" ɗinsa in na murɗa makulli. Yaya ake gwada shi?