Tikiti biyu daban, kaya za su tsaya a Doha: ina mafita?

Assalamu alaikum. Mu biyar ne daga Abuja, ni da uwargida da yara uku, ƙaramin bai kai shekara biyu ba. Saura kwana 12 mu tashi doguwar tafiya, kuma rana ɗaya ce a cikin tafiyar ta hana ni barci: ranar da za mu tashi daga Nairobi zuwa Bangkok ta Doha.

Don neman sauƙi na yanki tikiti biyu daban, kamfani biyu, lambar ajiyar kujera biyu. Tsakanin sauka da tashi awa 3 da minti 10. Sai daga baya kamfanin farko ya ce akwatunanmu huɗu, kowanne kilo 23, Doha kawai za a rubuta musu, domin ba su da yarjejeniyar miƙa kaya da kamfani na biyu. Ke nan sai mun bi ta shige da fice mun ɗauko su mun sake aunawa, alhali fasfonmu na Najeriya ne, ba mu da bizar Qatar.

Na je wurin ejan ɗin da ya sayar mana a Wuse, ya ce ba a haɗe tikitin da aka yanka daban. Na nemi sauyi, kuɗin ya kusa na sabon tikiti. Mun gwada matse komai a jakar hannu ta kilo 7, madarar yaro da kunzugu kaɗai sun cinye jaka guda.

Wanda ya taɓa bi: teburin masu canjin jirgi a Doha yana iya ɗauko kaya ya sake musu lamba ba tare da mun fita ba? Na gode.