Gado ne ke taɓa hantar yara masu sankarar jini, ko magani?

Ɗalibin likitanci: Ni a wurina maganar ta ƙare. Yara biyu, cuta ɗaya, magani ɗaya, awo ɗaya, amma hantar ɗaya ta jigata, ɗayan ko gezau. In ba gado ba, mene ne? A yi wa kowane yaro gwajin TPMT, sinadarin jiki da ke sarrafa maganin sankarar jini mercaptopurine, kafin a fara ba shi maganin, shi ke nan an tsare hanta.

Mai haɗa magunguna: Ƙanena, ka cuɗa abu biyu. Gwajin yana da amfani ƙwarai, amma ɓargo yake karewa. Kusan mutum 1 cikin 300 ake haifa babu wannan sinadarin a jikinsa, in aka ba shi cikakken awo fararen ƙwayoyin jininsa ne ke zubewa. Hanta kuwa akasin haka ce. Wanda TPMT ɗinsa ke aiki sosai shi ke tara dattin maganin da ake kira 6-MMP, wanda ke ɗaga ALT, sinadarin da ke hawa a jini in hanta ta taɓu. Yaron da gwajinka ya wanke, shi ma sai an sa masa ido.

Ɗalibin likitanci: To ƙwayar halittar gado da ake kira PNPLA3 fa, Yallaɓai? A 2017 masu bincike na asibitin St. Jude a Amurka sun nuna yaran da suka gaji wani nau'insa ALT ɗinsu ya fi hawa a zangon farko na magani. Shi ne dai aka danganta da taruwar kitse a hanta tun 2008.

Ma'aikaciyar jinya: Ku yi ta lissafin ƙwayoyin halitta. Mu a ɗakin jinya, yaro mai ƙiba ko wanda ya fara girma, in aka yi masa allurar asparaginase, wani maganin sankarar jinin, shi muke fara leƙa idonsa ko ya yi rawaya. Wannan ba sai an kai jini ɗakin gwaji ba.

Mahaifiyar yaro: Don Allah likita, ke nan mu muka jawo masa? Kuma in ALT ya hau a daina ba shi maganin?

Likitar yara: A'a Maman yaro, babu laifin kowa a nan. Kada ki dakatar da ƙwaya ko ɗaya sai likitansa ya ce. Yawancin hawan ALT yana sauka bayan an gama magani, amma yawan tsallake magani na iya dawo da cutar. Mun fi tsorata in bilirubin, sinadarin da ke sa ido ya yi rawaya, ya hau.

Ɗalibin likitanci: Duk da haka, ba ku rushe batun PNPLA3 ba.

Mai haɗa magunguna: Ba mu musa ba. Amma faɗa mana, in ka same shi a jikin yaro, wane magani za ka rage, kuma da nawa?