Banki na neman sa hannun gwamna, mai gida na neman kafin alƙalami

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 13 ina aikin gwamnatin tarayya a Legas, duk wata ana cire kashi 2.5 na albashina zuwa asusun gidaje na NHF. Bana mai gidanmu ya sake ƙara kuɗin haya, uwargida ta ce abin ya isa haka. Sai na yanke shawarar sayen gida da rancen NHF. Dillali ya kai ni wani gida na sayarwa a Ikorodu, ɗaki uku da falo, har da rijiyar burtsatse, naira miliyan 27.

Da bankin jingina, wanda rancen zai bi ta hannunsa, ya nemi takardu, mai sayar da gidan ya jawo wata leda daga ƙarƙashin kujera. A ciki akwai rasit, takardar safiyo, da C of O (takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati) mai ɗauke da sunan wanda ya sayar masa. Yarjejeniyar cinikinsu ba ta da amincewar gwamna. Ma'aikacin bankin bai ma gama dubawa ba ya turo mini su da ɗan yatsa. Yanzu mai gidan ya ce in ajiye miliyan 3 kafin Juma'a, wai akwai wani mai saye, kuma lauyansa zai rubuta mana komai kyauta. In biya?

Tsohon Mile 12:
Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka ba da ko sisi. Lauyan mai gida na mai gida ne. Ni fili na saya a wajejen can, na biya cif, ranar da tifa ta sauke yashi sai ga 'yan omo onile, masu iƙirarin filin gadon gidansu ne, da bencinsu, wai reshen gidansu bai sa hannu ba. Sai da na sake biya. Wannan "wani mai saye" kuwa, tun ina saurayi yake zuwa ranar Juma'a, har yau bai iso ba.

Barista:
Malam, bankin ba wulaƙanta ka ya yi ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginar da fili mai C of O sai da amincewarsa. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a shari'ar Savannah Bank da Ajilo saboda rashin wannan amincewa, shi ya sa bankuna ba sa wasa da ita. A idon gwamnati, gidan nan har yanzu na mutumin farko ne.

Ka ɗauki lauyanka, ya je ofishin rajistar filaye a Alausa ya bincika ko an taɓa jinginar da gidan ko yana cikin shari'a. A kai takardar safiyo ofishin babban safiyo na jiha, a ga ko wurin bai faɗa cikin filin da gwamnati ta karɓe ba. In dole sai an ba da wani abu, a rubuta cewa za a mayar maka da shi idan bincike ya ɓaci ko banki ya ƙi, kuma kuɗin su zauna a hannun lauya. Gyara takardun mai gida nauyinsa ne, kuma abin na cin watanni.

Maman Yara, Idi-Araba:
Ba wanda ya taɓo batun kuɗin ruwa. Rancen NHF kashi 6 ne, a biya har shekara 30, ya fi na sauran bankuna sauƙi nesa ba kusa ba, amma sunansa ruwa. Mu bankunan da ba sa karɓar kuɗin ruwa, Jaiz, TAJ da Lotus, muka zagaya muna tambayar murabaha (banki ya sayi gida ya sayar maka da riba) da ijara (tsarin haya). Ka fara jin ta bakin malaminka. Takardun dai su ma za su nema.

Ɗan Agege:
Allah ya saka da alheri. Na kira mai gidan na ce lauyana zai zo ranar Litinin ya ɗauki kwafin takardun. Ya yi shiru, sannan ya ce C of O ɗin yana wurin yayansa a Ibadan. Wanda na riƙe da hannuna shekaranjiya fa. Barista, nawa ake kashewa a binciken Alausa?