Kakanni, wa ya taɓa kai jikoki gidan tarihi?

Hajiyar Njamena: Salamu alaikum. Hutu ya zo, jikoki sun cika min gida, waya kawai suke latsawa. Ina so in fita da su kallon kayan tarihi. Wanda ya taɓa kai nasa ya ba mu labari.

Baba na Kusiri: Wa alaikumus salam Hajiya. Na tsallaka gadar Ngeli da nawa zuwa gidan tarihi na ƙasa, nan garinku. Ni kayan mutanen Sao, mazauna yankin Tafkin Chadi na zamanin da, suka kai ni, 'yan mutum-mutumin yumɓu masu manyan leɓɓa da tulunan da suke binne mamatansu a ciki. Su kuwa yaran suka maƙale wajen ƙoƙon kan Toumaï, wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da ɗan Adam, wanda aka tono a hamadar Jurab a 2001. Da mai yi mana bayani ya ce masana sun ƙiyasta shekarunsa miliyan 7, amaryata ta dube ni ta ce, "Kaka, ajinku ɗaya?" Har ma'aikatan wurin sai da suka dara.

Inna ta Marwa: Alhaji ai gaskiya ta faɗa.

Goggon yara: Hajiya, ki kai su Gawi, ba nisa daga Njamena. Tsohuwar fadar sarkin Kotoko ce aka mai da gidan tarihi, ginin ƙasa. Amma abin da ya zauna min a rai zanen bangon gidajen garin ne, aikin mata, ja da fari da baƙi. Mun tarar da wata tana ginin tukunya, hannu kawai, tana zagaya ta. Kishiyata da ko wanke-wanke sai an yi rigima da ita, ta durƙusa ta cusa hannu a laka har gwiwar hannu. Ɗan kaskon da ta murɗa ya fito a karkace, ta hana kowa taɓa shi. Ku tafi da sassafe, kuma kada a sa musu kayan sallah.

Inna ta Marwa: Mu nan cibiyar masu sana'ar hannu na kai maigidana ƙarami. Jakunkunan fata, takalma, zannuwan saƙa. Dukawan suka ba shi guntun jar fata, ya ƙi tashi daga gabansu. Da na biya da shi majema sai wari ya koro shi da gudu.

Hajiyar Njamena: Na gode ƙwarai. Goggo, a Gawi ana barin ɗaukar hoto? Babbar jikata ba ta zuwa ko'ina sai da wayarta.