Bakteriyar da ke kashe mazan ƙwari tun suna cikin ƙwai

Ɗalibi daga Bunkure:
Salamu alaikum malamai. An ce akwai bakteriyar da ƙwaro ke gada daga uwarsa, tana kashe 'ya'ya maza ta bar mata. Wace riba take ci? Kuma za ta yi mana maganin tsutsar masara?

Malamin gona, Ringim:
Wa alaikumus salam. Wolbachia ce ta fi suna, a jikin sauro aka gano ta a 1924. Akwai kuma Spiroplasma da Rickettsia. Ta cikin ƙwai take shiga 'ya'ya, maniyyi ba ya ɗaukar ta, don haka wadda ta faɗa jikin namiji tafiyarta ta ƙare. Ribar tana wajen 'yan'uwansa mata. Dubi jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi da ke cin darɓa: uwa ta zuba ƙwai wuri ɗaya, na maza ba su ƙyanƙyashe ba, matan na fitowa sai su cinye su. Sun ƙoshi tun kafin su iya farauta, kuma su ne za su kai bakteriyar gaba.

Malama mai binciken ƙwari, Kano:
Haka ne, Malam. Mai son tabbatarwa ya ware kowace uwa a kwalbarta, ya ƙirga ƙwanta. In kusan rabi ne ya ƙyanƙyashe kuma duk mata, alama ta fito. Sai a zuba tetracycline, wato maganin kashe bakteriya, a abincinsu. In maza suka dawo a zuriyar gaba, aikin bakteriya ne. Inda ake kuskure shi ne haɗa ƙwan uwaye daban-daban, ko ajiye kwalaben a ɗakin kwano da bazara, domin zafi na rage bakteriyar, maza su ɓullo, lissafi ya rikice. In kuwa ƙwai duka sun ƙyanƙyashe, duka sun girma, amma mata zalla, ba kisa ba ne, ko an mayar da mazan mata, ko uwar ta haihu ba barbara.

Malamin gona, Ringim:
Batun tsutsa kuma, ɗana, kada ka sa rai. Mata ke zuba ƙwai, namiji ɗaya kuwa ya ishi mata da yawa. A tsibirin Samowa, a 2001, wani nau'in malam-buɗe-littafi da Wolbachia ke kashe mazansa namiji ɗaya ne cikin ɗari, amma bai ƙare ba, zuwa 2006 ma maza sun dawo daidai da mata, saboda wata ƙwayar halitta mai kare su ta bazu. Ka ci gaba da duba tsakiyar ganyen masara tun tana ƙarama.