Muhawara: Tauraron ɗan Adam ya isa, ko sai da masunci?

Injiniya Bala: Bari in tsokano tsuliyar dodo. Wannan sabon yayi na cewa sai masu binciken ruwa sun zauna da masunta da makiyaya na ƙasashe daban-daban kafin su yi magana kan sauyin yanayi, ɓarnar kuɗi ce kawai. Tauraron ɗan Adam ba ya neman biza. Da hotunansa duniya ta ga Tafkin Chadi ya faɗo daga murabba'in kilomita kusan 25,000 a shekarun 1960 zuwa ƙasa da 2,000 a shekarun 1980. Wane masunci ne zai auna wannan?

Malama Rabi: Injiniya, misalin naka ne zai kayar da kai. Kyamarar tauraro ba ta ganin ruwan da ke ƙarƙashin ciyayi, sai ta lissafa shi a tudu, alhali mai kwalekwale yana can yana tura jirginsa da gora a wurin. Binciken baya-bayan nan ya nuna tun shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da ƙafewa ba, cika yake yana janyewa. Mazauna bakinsa sun daɗe da sanin haka.

Injiniya Bala: Ai wasu na'urorin ne suka gyara kuskuren, Malama, ba mai gora ba.

Alhaji Sani: Ku dubi Kogin Senegal. A 1972 Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa OMVS, hukumar raya kogin, kowa na yaba ta, kuma ta cancanci yabo. Aka kammala madatsar Diama a 1986 don hana ruwan gishiri hawowa daga teku. Lissafin injiniyoyi ya yi daidai. Amma da ruwa ya daina gishiri ya kwanta, dodon koɗi mai ɗauke da ƙwayar tsargiya ya yaɗu, ba a jima ba cutar tsargiya ta ɓarke a yankin garin Richard Toll na Senegal. Madatsar Manantali da ke Mali kuma ta rage ambaliyar da manoman fadama ke jira su yi shuka in ta janye. Wa ya tambaye su tun farko?

Injiniya Bala: Alhaji, tsargiya aikin likitoci ne, manomi ba zai hango ta ba. Na fadama dai na yarda.

Hadiza: Ni duk kun tsallake inda gizo ke saƙar. Kusan duk ruwan Tafkin Chadi daga kogunan Chari da Logone yake zuwa, tushensu kuwa can Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Hukumar tafkin tana nan a Njamena tun 1964. In kogi ya tumbatsa a sama, kwana nawa labarin ke yi kafin ya kai ga na ƙasa a wata ƙasar? Sanda mai maki ta auna tsayin ruwa a bakin kogi, da mutum guda mai waya da ke karanta ta kullum da safe, ai ba tsada gare su ba.

Malama Rabi: Sai dai a biya shi, 'yar'uwa. Na taɓa yi wa wata tawaga tafinta. Sati biyu muna tatsar dattawa, wace shekara rijiya ta ƙafe, ina ruwa ya tsaya. Rahoton ya fito da Turanci, ko kwafi ɗaya bai koma garin ba. Da na sake zuwa, kunya ta hana ni haɗa ido da mai garin.

Injiniya Bala: To ashe ba bincike tare ake yi ba, kwasa ake yi. Ni ma ɗin abin da nake gudu ke nan.

Hadiza: A'a Injiniya, kar ka zame, cewa ka yi a daina gaba ɗaya. Mai karanta sandar nan, tauraronka zai maye gurbinsa ko a'a?

Injiniya Bala: A babban kogi, e. A ƙaramin rafi, tukuna.