Silindar birkin baya na zubar da mai

Mai Golf: Masana, Golf 3 ɗina na zubar da man birki ta cikin gangar tayar baya. Zan iya sauya silindar da ke tura takalman birkin a gida?

Bakanike: Za ka iya, amma sauya hagu da dama tare. Notin bututun man birki da ke shiga silindar lamba 11 ne. Jiƙa shi da man cire tsatsa tukuna, ka sa sifana mai tsaga, don ta gama-gari tana cinye kansa. Kwance shi kafin ka taɓa notunan silindar.

Tsohon direba: Malam, in mai ya jiƙa takalman birkin, sauya su, wanki ba ya fid da shi.

Bakanike: Haka ne. Zuba man birki nau'in DOT 4, ka cire iska daga tayar baya ta dama tukuna. Kada tulun man birkin ya ƙafe, iska za ta sake shiga.